Mode Direba da Malfar Alhaji

A shekarun da motocin Sakkwato ba su kai yawan yatsun hannu ɗaya ba, Alhaji Junaidu mai fatu ya sayi guda. Tsohuwa ce, wani Bature mai sayen fatun awaki ya gaji da ita ya sallama. Rufinta na tamfol gara ta cinye tun tana hannun Baturen, gilashin gaba kuwa ya fashe a hanyar Gusau, saboda haka duk wanda ya shige ta, daga shi sai iska. Alhaji bai damu ba. Mutumin da ya je Makka da ƙafa ya dawo da ƙafa, ba rashin rufi ne zai hana shi zama a kan abin da ke tafiya da kansa ba. Abin da ya rage kawai shi ne wanda zai tuƙa.

Akwai wani ɗan dako a gidan, sunansa Mode, aikinsa ɗaukar ɗanyun fatu daga wurin mahauta zuwa majema. Wanda ya san warin ɗanyar fata ya san dalilin da ya sa matarsa Mariyatu take ajiye masa ruwa da sabulu a zaure kullum, sai ya wanke take barinsa ya shigo. Amma Mode ya taɓa yin shekara biyu a Zariya yana wanke motar wani Bature, a can ya koyi tayar da ita da tafiya da ita. Tsayarwa ma ya koya, sai dai ba ta zauna masa sosai ba.

Ranar da Alhaji ya tambayi mutanen ƙofar gidansa ko akwai wanda ya san kan mota, Mode ya dire fatun da ke kansa, ya durƙusa.

"Allah shi daɗe da ranka, ai ni da mota tare munka tashi. Ni nit tuƙa Bature daga Zariya har Ikko. Mun sha hura Zariya, kahin ta gama sauka cikinmu muna kallon teku."

Maigandi baduku, maƙwabcin Mode, yana zaune a gefe yana huda fata. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kai da kac ce muna wanke ta kaka yi?"

"Wanda bai iya tuƙa ta ba, wa za ya ba shi ta wanke?" in ji Mode.

Babu dai wani direban a wurin. Alhaji ya miƙa masa ƙarfen da ake murɗawa a tayar da motar. Daga ranar Mode ya zama Mode Direba. Ƙarfen nan ba ya ajiye shi, da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa gaisuwar mutuwa. Mariyatu ta daina kai ruwa zaure. Mutanen da a da suke toshe hanci in ya wuce, yanzu su ne masu matsa masa a kan tabarma. In an ce "Direba", sai ya ɗan jinkirta kafin ya amsa, don a maimaita. Gaskiya ya fi son sunan nan da tuwo, kuma ya san ranar da ya rasa shi, ɗanyun fatu na nan suna jiransa.

Matsalar Mode ɗaya ce. A wurinsa mota ba ta da wata tafiya sai gudu.

Fitarsa ta farko ya sa sabuwar jar dara, ya karkata ta gefe. Yana zuwa daidai marina ya buɗe wa motar wuta don marina su ga aiki. Sun gani kuwa. Dara ta tashi daga kansa, ta yi juyi biyu a sama, ta faɗa rijiyar baba. Mode ya zagaye rabin gari kansa a buɗe, mata suna leƙe ta darnin kara suna tambayar ko mahaukaci ne ya sace motar Alhaji. Washegari wani marini ya kawo masa darar a bakin sanda, ta yi baƙi wuluk tana ɗiga.

"Ga ta nan, Direba, mun rine maka kyauta."

"Hakanan nis so," in ji Mode. "Ja ta yi mani yarinta."

Sai ya koma rawani. Ya bayyana wa mutanen tabarma cewa hula ɗora ta ake yi, rawani kuwa ɗaure shi ake yi, abin da aka ɗaure kuma iska ba ta da iko da shi. Ya naɗa kamu goma sha biyu na farin yadi, ya bar jela tana lilo a baya don ado. Ya shiga hanyar kasuwa a guje. Jela ta miƙe a iska ta kama dirkar rumfar wani mahauci. Rawani ya shiga warwarewa, kan Mode yana juyawa yana bin sa, har kamu na ƙarshe ya fita ya tafi da hular da ke ƙasa. Dirka ta fita, rumfa ta kwanta a kan mahauci da namansa da wasu mutum biyu da ke ciniki. Da Mode ya samu motar ta yarda ta tsaya ya dawo da ƙafa, ya tarar mahaucin ya riga ya goge hannuwansa da wuƙaƙensa da rawanin, ya naɗe masa shi tsaf.

Da yamma Maigandi ya ce masa, "Direba, in ba ka shawara?"

"Hwaɗi."

"Ka rage gudu."

Mode ya dube shi da tausayi. "Maigandi, in tahiya sannu Alhaji ka so, ai shina da jakkai goma sha ɗaya. Mi za ya yi da ni?"

"To hulunanka hwa?"

"Laihin masu ɗunki na. Ba su san an yi mota ba."

Maigandi dai mutum ne mai haƙuri. Ya ara masa wata malfa, ya ɗinka mata igiyar fata mai ƙarfi wadda za ta zagayo ƙarƙashin haɓa. Mode ya ɗaure tamau, ya girgiza kai a gaban jama'a, malfa ko motsi. Ya ce yau iska za ta san da wa take yi.

Abin da bai lissafa ba shi ne faɗin malfa. Motar na ɗaukar gudu iska ta shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta sama, igiya ta zame daga haɓa ta kama maƙogwaro. Mode ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya danne malfa. Ba ta dannu ba. Ya ƙara da na biyun. Motar da aka bari da ra'ayin kanta ta zaɓi wani darnin kara, ta ratsa shi, ta tsaya a tsakar gidan mutane, tsakanin turmi da shanyar kuɓewa. Matan gida suka watse ɗakuna suna salati. Igiya ta tsinke, malfa ta haye kan bishiyar dabino ta zauna.

Wata tsohuwa ce kaɗai ba ta gudu ba, don ƙafafunta ba su ba ta dama ba. Mode ya gyara murya ya ce, "Salamu alaikum."

"Ka makara, ɗan nan," in ji tsohuwar. "Daga waje aka yin ta."

A ranar Alhaji ya sa aka kira shi. Alhaji mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne a ambaci gidansa a yi dariya. Darni bai dame shi ba, ya sa an gyara. Abin da ya ci masa rai shi ne maganar da ke yawo, wai direban Alhaji Junaidu na ratsa gari kai ba hula kamar ɗan dambe.

Ya sa hannu a bango ya sauko da malfarsa ta kansa, mai ado da jar fata da kore, wadda ba ya sawa sai zai yi doguwar tafiya.

"Mode, karɓi wagga. Ga mutane shaida. Muddin tana bisa kanka, kai na direbana. Randa duk tab bar kanka a bainar jama'a, ka aje mani ƙarhena ka koma ma hwatunka. Jibi da sahe akwai suna gidan Malam Lawwali, Runjin Sambo. Kai za ka kai ni."

Malam Lawwali kuwa surukin Alhaji ne, mahaifin uwargidansa, babban malami wanda Alhaji da furfurarsa ba ya iya haɗa ido da shi. Jikan Malam ne za a raɗa wa suna.

"Allah shi daɗe da ranka," in ji Mode, "wagga malhwa ta samu gida. Ko guguwa ta zaka, sai dai ta ɗauke ni da ita."

Kwana biyu yana tunani, abin da bai saba ba. Sai ya tuna da masu kama tsuntsu, waɗanda suke shafa danƙon gamji a reshe, tsuntsu ya sauka ya kasa tashi. Ya je ya samo cikin ƙoƙo guda. Ranar suna, bayan an idar da asuba, ya ɗora danƙon a wuta ya narke, ya gauraya shi da ƙaro don ƙarin albarka, ya shiga lafta shi a cikin malfar Alhaji da ludayi.

Mariyatu tana tsaye da tsintsiya tana kallo.

"Malam, mi kaka dahwawa cikin malhwar mutane?"

"Ilimi."

"Ba ka ko aske kai?"

"Ke ba ki san aiki ba. Danƙo na son abin kamawa."

"To in azahar ta yi, ƙaƙa za ka shahi kai wurin alwala? Ƙaƙa goshinka za ya taɓa ƙasa da wanga hwaihwai a kai?"

"Azahar ta yi?"

"Ba ta yi ba."

"To."

Ya bari danƙon ya ɗan huce, ya kifa malfar a kan sumarsa, ya danna da hannu biyu, ya zauna cik har ta kama. Ya ce Mariyatu ta ja. Ta ja, ya taso tare da malfar. Ya yi murmushi, ya ɗauki ƙarfensa ya fita.

Motar ce ta fara ɓata lissafi. Ya murɗa, ta yi tari ta yi shiru. Ya murɗa, ta yi shiru ba tarin ma. Kafin ta yarda ta tashi rana ta fito, suna kuwa da sassafe ake yin sa. Alhaji ya shiga baya cikin babbar riga da rawani mai ƙyalli, ya rungume kwandon goron da zai kai gudummawa.

"Mun makara, Mode. Ɗan taɓa ta kaɗan."

Tunda Mode ya fara aiki ba a taɓa ce masa ya ƙara gudu ba. Har hawaye suka cika masa ido don daɗi. Ya buɗe mata wuta gaba ɗaya.

Iska ta zo kamar yadda ta saba, ta shiga ƙarƙashin malfa ta ɗaga. Malfa ta ƙi. Ta sake ɗagawa, fatar kan Mode ta bi ta, girarsa ta haye sama, idanunsa suka buɗe har ba sa ƙiftuwa. Wuyansa ya lanƙwashe baya, yana ganin sama fiye da hanya. Zafi kamar ana tsige masa gashi ɗaya bayan ɗaya, amma malfa tana nan. Suka wuce marina, marina suka miƙe da sandunansu a shirye, ba abin da ya faɗo. Suka wuce kasuwa, mahauci ya rungume dirkarsa. Mode ya saki hannu ɗaya ya nuna musu kansa.

A baya kuwa wani labarin ake yi. Iskar da ta rasa abin ɗauka a gaba ta wuce wurin Alhaji. Hannuwansa biyu suna kan kwandon goro, in ya saki goro ya watse. Ya ji rawani yana sassautawa. Ya yi kira, "Mode! Mode!" Iska ta tafi da kiran. Mode ba ya iya waiwaye, ko da ya iya ma ba lokacin waiwaye ba ne. Kafin su fita ƙofar gari rawanin Alhaji ya tafi, hular da ke ƙarƙashinsa ta bi shi.

Ƙofar gidan Malam Lawwali cike take da malamai da almajiransu manya da dattawan unguwa, an shimfiɗa tabarmi, rago yana ɗaure, wanzami yana gefe yana wasa askarsa don askin jariri. Mota ta zo ta wuce su kaɗan, ta yi tunani, ta tsaya a jikin turken ragon. Mode ya diro, ya buga ƙarfensa a ƙasa, ya ware hannu.

"Jama'a, ku shaida! Daga cikin gari har nan, ko gezau!"

Ba wanda ya dube shi. Duk idanu suna bayansa. Ya juya da jikinsa duka, don wuyan ya ƙage, sai ga Alhaji Junaidu zaune da kwandon goro, kansa a aske ƙwal yana ɗaukar hasken safiya, a gaban surukinsa da duk wanda ake jin kunya a Sakkwato. Wasu dattawa suka sunkuyar da kai. Wani ya yi tari wanda ba na mura ba.

Malam Lawwali ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, "A shiga ciki a ɗauko ma Alhaji rawanina."

Wannan ya fi komai ciwo. A ce mutum ya zo gidan surukinsa kai tsirara, kuma a tufatar da shi da kayan surukin? Alhaji ya ja hannun riga ya rufe kansa.

"Allah shi gafarta Malam, a bar shi. Ina da malhwata." Ya miƙa hannu ba tare da ya dubi Mode ba. "Ba ni."

Mode ya ce, "Ranka shi daɗe, wace?"

"Malhwa nawa ag gare ka?"

"Ai kai kac ce kada ta bar kaina."

"Yanzu na ce ta bari."

"Ranka shi daɗe, magana biyu ba ta kamaci babba ba."

Alhaji ya sauko daga mota, hannu ɗaya riƙe da riga a ka, ya kama bakin malfar ya ja. Mode ya biyo ta. Ya ja hagu, Mode ya yi hagu. Wasu almajiran Malam biyu majiya ƙarfi suka zo taimako, ɗaya ya riƙe ƙugun Mode, ɗaya ya kama malfa, suka ja har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Mode ya ƙwala ihun da ya sa ragon suna ya tsinke igiya, aka bi shi aka kamo.

"Mi kas sa mata?" in ji Alhaji.

"Ɗan danƙo na, ranka shi daɗe. Kaɗan."

Wanzami ya matso, ya leƙa ƙarƙashin malfa, ya shinshina. "Danƙon gamji na, Alhaji. Ruwa ba ya hidda shi. Amma bisa gashi yak kama. In an yanke gashin, ta hita."

"Yanke."

Mode ya zube a ƙasa ya kama ƙafar Alhaji. A nan cika baki ya ƙare, sai roƙo. "Ka yi ma Allah, ranka shi daɗe. In tah hita, aikina ya hita. Ka bar ni da ita, ni kwana da ita, ni tashi da ita. Ban iya komawa ma hwatun nan."

Alhaji ya dube shi, kuma da a ce su biyu ne kawai, wataƙila da ya haƙura. Amma hannunsa ya gaji da riƙe riga a ka, surukinsa kuma yana zaune yana jira.

"Ban taɓa saɓa alkawari ba, Mode. Muddin tana kanka, kai na direbana. Wanzami, bismilla."

Haka aka yi. Askar da aka wasa don jariri ta fara da Mode. Aka zaunar da shi a tsakiyar taro, wanzami yana zura aska ta ƙarƙashin malfa yana yanke abin da bai gani ba, yana ba da haƙuri duk sanda ya haɗa da fata. Malamai suka jira, rago ya jira, jariri ma a cikin gida ya jira. Can malfa ta ɗago, da rabin sumar Mode a cikinta. Kan da ya bayyana, wani wuri gashi, wani wuri fata, wani wuri jini.

"Bari in kankare cikinta tukun," in ji wanzami.

Alhaji bai saurara ba. Ya fizge ta ya kifa a kansa, ya danna da hannu biyu don ta zauna daidai, ya sauke numfashi. Mode ya buɗe baki.

"Ranka shi daɗe, da dai ka..."

"Ruhe mani baki. Aje ƙarhena."

Mode ya ajiye ƙarfen a gaban motar, a hankali, ya shafa shi sau ɗaya. Ya koma can ƙarshen tabarmi inda 'yan dako ke tsayawa, ya rufe kansa da tafin hannu. Ba wanda ya matsa masa. Aka raɗa suna, aka yi fatiha, aka raba goro, ya samu ɓari guda. Rana ta ɗaga, wuri ya yi ɗumi.

Da aka gama, Alhaji ya je ya durƙusa gaban Malam Lawwali don yin sallama. Bakin malfa ya tokari gwiwar Malam. Alhaji ya sa yatsa zai ɗan tura ta baya. Ba ta turu ba. Ya sa hannu. Ya sa biyu. Girarsa ta haye sama.

"Wanzami," ya ce, da ƙaramar murya.

Wanzami ya zo ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya mayar da askarsa kube.

"Alhaji, shi dai gashi nis samu nay yanke. Kai ko jiya nay yi maka ƙwal."

Mode ya riga ya kama hanyar gari da ƙafa, fatu na jiransa. Da ya ji haka sai ya tsaya, ya sauke hannu daga kansa mai tabo, ya juyo ya dubi taron.

"Jama'a, kun dai gani da idonku," ya ce. "Aikina na. Ba ta hita."